Fashin Baƙi Kan Fitar da Lotsawa a Sassan Tsofaffin Injinan Kwale-kwale

Wani masunci da ke sana'arsa a madatsar ruwa ta Zobe, kusa da Dutsin-Ma, ya taɓa kawo tsohon injin kwale-kwalensa cikin birnin Katsina bayan ya suɓuce daga bayan babur, tankin man da ke bisa kan injin ya lotsa a gefe guda. Injin yana tashi lafiya, tankin kuma ba ya yoyo, abin da ya dame shi kawai shi ne lotsawar ta janye bakin tankin har murfi ya daina zama daidai. Ya kai wa wani mai gyaran jikin mota wanda ya daɗe a sana'ar, shi kuma ya wanke tankin, ya kunna wutar walda ya haska wurin, yana jiran ƙarfen ya yi ja kamar yadda ƙofar mota ke yi kafin ya sa guduma. Ƙarfen bai yi ja ba, domin tankin na alminiyam ne. A gaban idona ya yi wani ƙyalli, ya lafke, ya zube, aka bar rami mai faɗin tafin hannun yaro a inda da lotsawa ce kawai. Mutumin ya san aikinsa ƙwarai, amma ilimin baƙin ƙarfe ya ɗauko ya kai inda ba muhallinsa ba, shi ya sa aka ƙare da gyaran gangar Auzinawa.

Asarar irin wannan tanki ba ƙarama ba ce, domin yawancin tsofaffin injinan nan an daina ƙera kayan gyaransu. Kamfanin British Seagull na garin Poole a Ingila ya daina ƙera injina a 1996, kamfanin da ya mallaki injinan Johnson da Evinrude a Amurka ya karye a shekarar 2000, sunan Evinrude kuma ya bar kasuwa a 2020. Ko injinan Japan irin su Yamaha da Suzuki, waɗanda su ne suka fi yawa a ruwayenmu, idan samfurin ya tsufa sai an sha wahala kafin a samu murfinsa ko tankinsa. Saboda haka sashen da ke hannu shi ne jari, kuma wanda zai taɓa shi da guduma ya kamata ya san abin da yake bugu.

Dalilin da ya sa injin kwale-kwale ya cika da ƙarfe mai taushi yana cikin tarihinsa. Inji ne da mutum ɗaya zai ɗauka a kafaɗa ya maƙala a bayan jirgi, ya kuma cire shi da yamma, ga shi kullum ƙafarsa tana cikin ruwa. Ole Evinrude, haifaffen ƙasar Norwe da ya zauna a Milwoki ta Amurka, ya fara sayar da injinansa a 1909, kuma na farkon suna da nauyi domin baƙin ƙarfe da tagulla suka yi musu yawa. A 1921 ya fito da samfurin ELTO wanda aka yi galibinsa da alminiyam, a 1922 kuma 'yan'uwan Johnson suka fito da nasu mai ƙarfin doki 2 da nauyin kusan kilo 16. Daga nan alminiyam, wanda wasu ke kira goran ruwa, ya zama ƙarfen wannan sana'a, domin nauyinsa kusan kashi ɗaya bisa uku ne na baƙin ƙarfe, kuma ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Tagulla da jan ƙarfe suka ci gaba da zama a tanki, da bututun mai, da bututun ruwan sanyaya inji, da farfelar wasu tsofaffin samfura.

Aikin farko, tun kafin a ɗauki wani kayan aiki, shi ne gane ƙarfen. Maganaɗisu yana raba gardama ta farko: idan ya kama, baƙin ƙarfe ne, mai gyaran mota yana iya yi masa aikin da ya saba. Idan bai kama ba, sai a kankare ɗan wuri a ɓoye a duba launi. Ja jan ƙarfe ne, ruwan ɗorawa tagulla ce, wato haɗin jan ƙarfe da tutiya. Fari kuwa shi ne mai rikitarwa, domin yana iya zama alminiyam, yana kuma iya zama haɗin tutiya da ake zuba wa kafireta da ƙananan hannuwa da maɓallai. Nauyi ne ke bambanta su, domin haɗin tutiya ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau biyu, kuma a hannu ana jin haka nan take. Bambancin yana da muhimmanci matuƙa ga mai riƙe da wuta: alminiyam tsantsa yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, haɗin tutiya a wajen digiri 385, tagulla sai ta haura digiri 900, jan ƙarfe kuma a digiri 1085. Baƙin ƙarfen jikin mota sai ya kusa digiri 1500, kuma tun da nisa yake sanar da mai aiki ta hanyar yin ja. Alminiyam ba ya ba da wannan sanarwa, launinsa ɗaya tun yana sanyi har ya zube.

Akwai tambaya ta biyu wadda a ganina ta fi ta farko nauyi, ita ce ko sashen na bugu ne ko na zubi. Duk wanda ya san kasuwa ya san bambancin farantin alminiyam mai laushi da ake tanƙwarawa da hannu, da tukunyar da masu zubi ke narkar da tarkace su zuba a cikin ƙasa, wadda muke kira tukunyar dalma ko da yake ba dalma ba ce. Farantin idan ya faɗi lotsawa yake yi, tukunyar kuwa tsagewa take yi. Haka abin yake a inji. Tanki da tsohon murfin kan inji daga fallen ƙarfe aka matso su, kaurinsu sau da yawa bai wuce milimita 1 zuwa 1.5 ba, kuma suna karɓar bugu. Gidan giya, da ƙafar inji, da faffaɗan farantin da ke saman farfela, da 'yar wutsiyar da ke ƙarƙashinta, duk na zubi ne, an gauraya ƙarfensu da sinadarin silikon domin narkakken ƙarfen ya bi kowane lungu na mazubi, kuma wannan haɗin ne ke sa su gautsi. Ana gane na zubi da kaurin da ba ɗaya ba, da haƙarƙarin ƙarfafawa a ciki, da layin da ya rage a inda ɓangarorin mazubi suka haɗu.

Ita kanta lotsawar ya kamata a fahimci yadda take. Idan abu ya bugi fallen ƙarfe, tsakiyar wurin tana nutsewa, ƙarfen da ke nan yana miƙewa ya ƙara faɗi ya rage kauri, sannan a kewaye wani ɗan tudu yana tasowa kamar bakin rijiya. Wannan tudun ne ke riƙe da lotsawar. Yawancin faɗin wurin da ya nutse bai lalace ba, tudun da karyayyen layin da ke tsakiya ne suka ɗaure shi, kuma da an sake su zai koma mazauninsa da kansa. Wanda bai san haka ba yakan kai guduma tsakiyar rami ya doka daga ciki da ƙarfi, sai ƙarfen da ya riga ya miƙe ya ƙara miƙewa, a samu ƙullutu a madadin rami, tudun kewaye kuma yana nan. Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce a warware ɓarnar ta hanyar da ta shigo, a baibai: inda ya lalace a ƙarshe, wato gefe, shi ake fara gyarawa, inda abin ya fara bugawa kuma shi ne na ƙarshe. Ana zagayawa daga waje zuwa ciki da ƙananan bugu masu yawa, ana kwantar da tudu, ana ɗaga rami kaɗan-kaɗan.

Sai dai kowane bugu yana da farashi. Alminiyam da tagulla da jan ƙarfe suna taurara duk lokacin da aka lanƙwasa su ko aka buge su, kamar yadda waya ke yi idan ana tanƙwara ta gaba da baya: da farko tana bi, daga baya ta yi tauri a wurin, a ƙarshe ta karye. Faɗuwar da ta haifar da lotsawar ta riga ta taurara wurin, shekarun girgizar inji sun ƙara nasu, bugun mai gyara kuma yana ɗorawa. Maganin wannan shi ne a tausasa ƙarfen da zafi, abin da maƙeran fari suka sani tun kakanni, domin mai ƙera munduwa ko kwanon tagulla yakan mayar da aikinsa wuta sau da dama kafin ya gama. A ra'ayina, mai tankin tagulla ko na alminiyam ya fi kusa da samun biyan buƙata a wurin maƙerin fari fiye da garejin mota, ko da maƙerin bai taɓa ganin injin kwale-kwale ba.

Tausasa jan ƙarfe da tagulla yana da sauƙi, domin suna nuna launi. Ana gasa wurin a inuwa har ya fara wani ja mai duhu, sai a janye wuta, a bar shi ya huce ko a tsoma shi a ruwa, domin ruwa ba ya taurara su kamar yadda yake taurara ƙarfen wuƙa. Ba a bugun tagulla tana da zafi, tsagewa take yi. Idan aka ga farin hayaƙi yana tashi daga jikinta, wuta ta yi yawa, tutiyar ciki ce ke ƙonewa, kuma shaƙar hayaƙin yana sa zazzaɓi. Alminiyam kuwa yana tausasa tsakanin digiri 345 da 415 gwargwadon haɗinsa, ratar da ke tsakanin wannan da narkewa ba ta da yawa, ga shi ba ya canza launi, don haka ake ara masa alama daga waje. Hanya mafi sauƙi ita ce a goga sabulun wanki na sanda a wurin, a riƙa yawo da harshen wuta ba tare da tsayawa wuri ɗaya ba, har layin sabulun ya koma ruwan ƙasa sannan ya yi baƙi, a nan ake tsayawa. Masu waldar gas suna da tasu dabarar: su shafe wurin da baƙin hayaƙin gas, sannan su gyara wutar su gasa har hayaƙin ya ɓace. Ya kamata a tuna cewa alminiyam yana watsa zafi fiye da baƙin ƙarfe ninki huɗu ko fiye, saboda haka da farko sai a ga kamar wutar ba ta aiki, can kuma idan dukan sashen ya ɗauki zafi sai abin ya zo gaba ɗaya. A daidai wannan gaɓar ce tankin masuncin Zobe ya tafi.

Kayan aikin ba masu tsada ba ne, amma dole su fi ƙarfen taushi ko su kasance sumul ƙwarai. Duk wani tabo da ke fuskar guduma sai ya bugu a jikin alminiyam kamar hatimi, shi ya sa ake goge fuskar gudumar ƙarfe da samfefa har ta yi sheƙi, ko kuma a yi amfani da gudumar itace ko ta fata. Guntun tsohuwar taɓaryar ƙirya, idan aka sassaƙa kansa ya dace da lanƙwasar tanki, yana yin matashin da ake tokarawa daga baya. Jakar fata da aka cika da yashi, wadda kowane baduku zai iya ɗinkawa, ita ce shimfiɗar da ake ɗora sashen a kai domin ya samu inda zai nutsa. Yadda ake haɗa guduma da matashi shi ne ainihin gwanintar. Idan matashin ƙarfe yana daidai ƙarƙashin inda guduma ke sauka, ƙarfen yana matsewa tsakaninsu ya ƙara faɗi, ana kuma jin ƙara mai kaifi. Idan matashin yana tokare da rami, gudumar kuma tana sauka a kan tudun da ke gefensa, rami yana tasowa, tudu yana kwanciya, ƙarfen kuma bai ƙara miƙewa ba. Galibin aikin da wannan hanya ta biyu ake yin sa, ta farkon sai a ƙarshe, da bugu marar nauyi, domin share ƙananan tabo.

Wani lokaci bayan an fitar da lotsawa sai wurin ya riƙa yin ɓas idan an danna, ya shiga ya fito kamar murfin gwangwani. Alama ce cewa ƙarfen ya fi wurinsa faɗi. Gyaran wannan shi ne a tausasa wurin, a tokare shi da itace daga baya, a riƙa buga kewayen kumburin da gudumar itace ana kora ƙarfen zuwa tsakiya domin ya tattaru ya ƙara kauri. Aiki ne mai cin lokaci, kuma ba kowane lokaci yake komawa daidai ɗari bisa ɗari ba. Ido kaɗai ba ya isa wajen auna ci gaba. Tafin hannu ya fi ido jin tudu da kwari, hasken da ke zuwa daga gefe da sassafe ko da la'asar yana fito da abin da rana tsaka ke ɓoyewa, kuma kwalin da aka yanka daidai da ɓangaren da bai lalace ba yana nuna inda aka kwana.

Matsala mafi girma ita ce tanki, domin a rufe yake, ƙofarsa ɗaya ce, bakin zuba mai, wanda yatsu uku ba sa shiga. A nan ma akwai haɗarin rai. Tankin da babu mai a cikinsa ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne ke fashewa, kuma yana kamawa idan ya kai tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin ɗari na iskar da ke wurin, wato cokali ɗaya na fetur ya isa ya mayar da ƙaramin tanki abin fashewa. Tururin ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan tanki ba ya fita don an buɗe murfi, kuma tsohon mai da ya daskare a lungu yana sake fitar da sabon tururi da zarar ya ji zafi. Don haka ana wanke tanki da ruwan zafi da garin sabulu sau da yawa, a kife shi a rana kwanaki da baki a buɗe, kuma idan dole ne a kawo wuta kusa, a cika shi da ruwa har zuwa dab da wurin aiki, murfi a cire. Ba a wanke tankin alminiyam da sodar yin sabulu, domin tana cin alminiyam tana kuma fitar da iska mai kamawa da wuta.

Mutane da yawa suna ba da shawarar a toshe tankin a kai wa mai faci ya hura masa iska har lotsawar ta fito. Lissafi kaɗan yana nuna abin da ke cikin wannan shawara. Bangon tanki mai tsawon santimita 20 da faɗin 20 yana da murabba'in santimita 400, kuma iskar tayar ƙaramar mota tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin fiye da kilo 2, wato sama da kilo 800 a kan bango ɗaya na fallen da kaurinsa milimita ɗaya ne. Iska ba ta zaɓar wuri, inda ya fi rauni take turawa, kuma lotsawar da ta taurara ita ce wuri mafi ƙarfi a jikin tankin. Abin da ke biyo baya shi ne shimfiɗaɗɗun bangaye su kumbura, ƙasan tanki ya daina zama a mazauninsa, ɗinki ya buɗe, lotsawar kuma tana nan, idan ma ba a yi rashin sa'a tankin ya tarwatse a fuskar mai hurawa ba. Dabarar cika tanki da ruwa a sa a firiza tana da irin wannan aibi, domin ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, kuma babu mai iya gaya wa ƙanƙara inda za ta tura. Takan yi aiki a lotsawa mai faɗi marar karyayyen layi a jikin tanki mai siffar gora, amma garin neman gira ana iya rasa ido.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a shiga ta bakin tankin da sandar ƙarfe da aka lanƙwasa, aka kuma zagaye kanta aka goge shi sumul, ko aka yi mata waldar ƙwallon boris a kai. Ana ɗaure ɗaya ƙarshen sandar a bais, a zura tankin a kanta har kan sandar ya tokari gefen lotsawar daga ciki, sai a riƙa danna tankin da hannu biyu ana matsawa kaɗan-kaɗan, ana kuma kwantar da tudun waje da gudumar itace. Bakin tankin ba ya zama madogara, domin shi ne zai fara lalacewa. Maƙeran azurfa suna da wata dabara mai kama da wannan wajen gyaran buta mai ƙunƙuntar wuya: su buga sandar kusa da inda aka ɗaure ta, girgizar ta bi ta har kai, kan ya riƙa bugun ƙarfen daga ciki. Da farko sai an ɗan yi gwaji kafin a gane inda kan sandar yake, ana ganin ɗan ƙullutu yana motsi a waje, shi ake bi.

Idan sanda ba ta kai wurin ba, ana jawowa daga waje. A jikin tagulla ana liƙa kan ƙusar tagulla ko 'yar waya da dalma, a ja a hankali ana bugun kewaye, sannan a narkar da liƙin a goge. Haɗin dalma da kuza yana narkewa a wajen digiri 183 zuwa 190, saboda haka zafin bai kai ya cutar da tagulla ba, amma ɗinkin tankin da bakinsa da mazaunin famfon mai sau da yawa da irin wannan liƙin aka haɗa su, kuma sai an lulluɓe su da jiƙaƙƙen tsumma don kada su saki. Wannan ne ma ya sa ba a iya gasa haɗaɗɗen tankin tagulla har ya yi ja sai an yarda za a warware shi a sake liƙewa. A jikin alminiyam dalma ba ta kamawa cikin sauƙi, sai dai a yi amfani da 'yan maɓallan roba da ake mannawa da gam mai zafi, waɗanda ke jan lotsawa marar zurfi. Mataki na ƙarshe shi ne a yanke taga a ƙasan tanki inda ido ba ya gani, a yi aikin daga ciki, a mayar a yi walda. Waldar alminiyam sai wanda ya saba, domin siririyar fatar da iska ke yi masa a sama ba ta narkewa sai sama da digiri 2000, alhali naman da ke ƙarƙashinta ya daɗe da zama ruwa.

Game da tagulla akwai wani abu da ya shafi gidajenmu kai tsaye. Tagullar da aka buga ta taurara, idan ta daɗe tana shaƙar iskar amoniya a wuri mai laima, takan tsattsage da kanta ba tare da an taɓa ta ba. Sojojin Birtaniya a Indiya ne suka fara lura da haka, da kwanson harsasansu da aka ajiye a bargar dawaki suka riƙa tsagewa da damina, daga baya aka gano fitsarin dawakin ne sanadi. Wanda ya gyara tankin tagulla ya jingine injinsa a ɗakin da ke jikin turken awaki ko akurkin kaji yana iya tarar da tsaga a daidai inda ya sha bugu. Gasa wurin da aka buga da matsakaicin zafi bayan an gama aiki yana rage wannan haɗari, ajiye injin nesa da dabbobi kuma ya fi sauƙi.

Ƙananan sassa ba sa buƙatar dogon bayani. Bututun jan ƙarfe da ke kai ruwa daga famfo zuwa kan inji idan ya matse, ruwan sanyaya yana raguwa inji ya riƙa zafi. Ana tausasa shi a tura ƙwallayen boris masu bin juna a girma tare da ɗan mai, amma sau da yawa ya fi sauƙi a nemi sabon bututu mai faɗi ɗaya a wurin masu gyaran firiji. 'Yar balan-balan ta tagulla da ke cikin kafireta idan ta lotsa tana sauya yawan man da ke shiga. Tsoma ta a ruwan zafi yakan sa iskar ciki ta turo ƙaramar lotsawa waje, kuma idan tana da huda kumfa zai nuna wurin. Gangar jikin kafireta da aka zuba da tutiya kuwa ba a kai mata wuta ba a kuma buga ta.

Sassan zubi na ƙasan inji su ne ke shan wahala a madatsun ruwanmu, musamman da rani idan ruwa ya ja baya a Zobe ko Jibiya ko Sabke, kututture da dutse suka matso kusa da sama. Wutsiyar da ke ƙarƙashin farfela idan ta ɗan karkace ana iya ɗumama ta, a matse ta tsakanin katako biyu masu kauri, a dawo da ita sannu a hankali cikin matakai da yawa. Ɗumi ake nufi, irin wanda ɗigon ruwa zai yi ƙara ya ƙafe, domin a kusa akwai man giya da robobin da ke hana ruwa shiga, kuma zafi mai yawa yana rage ƙarfin zubin. Idan karkacewar ta yi tsanani, ko an ga wani farin layi siriri a gindinta, ƙarfen ya riga ya fara tsagewa, kuma ƙarin matsi zai ɓalle shi. Karkatacciyar wutsiya da ke aiki ta fi wadda ta ɓalle amfani, saboda haka a wurare da yawa shawarata ita ce a bar ta.

Farfela ce kaɗai ba a bari, domin lanƙwasar kunne ɗaya tana sa girgiza, girgizar tana cinye boris da robar sandar farfela, ruwa ya shiga gidan giya, man ya koma fari kamar madara. Ta tagulla tana karɓar gyara fiye da ta alminiyam. Masu wannan aiki a ƙasashen da ake ƙera injinan suna da wani dunƙulen ƙarfe da aka zuba daidai da karkatar kowace farfela, a kansa suke kwantar da kunnen. Wanda ba shi da shi yana iya sassaƙa itace a jikin kunnen da bai lalace ba, ya kwantar da mai lanƙwasar a kai ya bi shi da gudumar fata daga gindi zuwa baki. Bayan haka a zura farfelar a sanda sumul a ga ko wani kunne yana rinjaya zuwa ƙasa, a kuma juya sandar injin da hannu a tabbatar ita ma ba ta lanƙwashe ba, domin bugun da ya tanƙwara kunne yana iya kaiwa gare ta.

Wajen gamawa, magagari da samfefa suna rage kauri ne, kuma fallen milimita ɗaya da ya riga ya miƙe ba shi da abin bayarwa da yawa. Ana shafa alƙalamin maka a wurin, a bi shi da samfefa mai laushi da aka naɗe a katako, inda tawada ta goge tudu ne, inda ta rage kwari ne, sai a koma ga sanda da guduma maimakon a ci gaba da gugar ƙarfe. Burushin baƙin ƙarfe ba ya taɓa alminiyam, domin yana barin ɓurɓushi a jikinsa wanda ke zama tabon tsatsa da zarar ya ji ruwa. Sashen da za a yi wa fenti yana iya ɗaukar ɗan siririn cikon da masu fentin mota ke shafawa, amma tankin da asalinsa goge shi ake yi ya yi ƙyalli ba shi da inda zai ɓoye ciko, kuma ɗan tabon da ya rage a jikinsa bai hana shi riƙe mai ba. Kafin a mayar da tankin kan inji, a shafa masa jiƙaƙƙen alli a duk inda aka buga da kuma kan ɗinki, a bari ya bushe ya yi fari, a zuba kananzir a ciki a ajiye shi kwana ɗaya a inuwa. Kananzir yana bin tsagar da ido ba ya gani, kuma duk inda ya fito allin zai yi duhu. Idan da safe allin yana nan fari ko'ina, sai a juye kananzir, a ɗauraye tankin da ɗan fetur, a ɗaura shi.